Amanar da Na Ɗaura a Ƙugu

Shekara goma sha tara na yi ina taka keken ɗinki a Amchide, a wata rumfa da ke kallon Banki. Wanda bai san wurin ba zai ɗauka gari ɗaya ne. Ka tsallaka hanya kana Najeriya, ka dawo kana Kamaru, naira a wannan aljihu, sefa a wancan. Mahaifina daga duwatsun Mandara ya sauko neman abinci, mahaifiyata kuma yarenta daban, sai Hausa ta zama harshen da suka haɗu a kansa. Da ita aka rene mu, da ita muke sujada, har yau kuwa in na durƙusa zan yi addu'a ita ke fitowa, duk da Fulatancin da zaman Marwa ya cusa mini a baki.

Ikkilisiyarmu ƙarama ce. Masu dako, masu sayar da man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri, a kwalabe, matan da ke suyar ƙosai, manoma kaɗan, sai mu masu sana'ar hannu. A 2011 dattawa suka ɗora mini riƙon kuɗi. Tun daga ranar sunana ya ɓace, kowa sai Ma'aji, har Musulmin da ke kawo mini ɗinki. Rufin majami'armu ya tsufa, da damina sai mu riƙa janye benci daga inda yake yoyo, don haka muka buɗe asusun sabon kwano. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta ko sisin da ya shigo. Na san wadda ta sayar da kaza ta kawo, na san dattijon da ya kawo kuɗin buhun gyaɗarsa cif, bai cire ko na goro ba. Zuwa kakar 2014 abin da ya taru ya kai sefa dubu 412. Cikin gwangwani nake ajiye su, a rami, ƙarƙashin keken ɗinkina.

Tun kafin lokacin iska ta riga ta canza. An ɗauke Turawan nan 'yan gida ɗaya a wajen Waza a 2013, an ɗauke wani fada na cocin Katolika a Nguetchewe, a watan Yulin 2014 aka shiga Kolofata. Da Satumba ta kama, Banki ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, ga su muna hangen juna. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu hali suka kwashe iyalansu. Ni na tsaya, saboda ɗinkin Babbar Sallah da na karɓa, da kuma tunanin cewa sojoji na nan. Matata dai ba ta yarda da wannan lissafin ba. Wani dare ta ɗauko ƙyallen atamfa ta ɗinka ɗamara mai aljihu a ciki, ta ce, "Maigida, fito da kuɗin mutane daga ramin nan. Ranar da za a gudu ba za a jira ka yi tono ba."

Ranar Laraba, 15 ga Oktoba, da la'asar, ranar ta zo. Ba zan tsaya ba da labarin ƙarar ba, wanda ya ji ta ya ji, wanda bai ji ba kuma Allah ya sa kada ya ji. Na saɓa autarmu a kafaɗa, 'yar shekara huɗu, matata ta riƙe hannun mazan biyu, muka kutsa cikin dawa. Dawar ta yi tsawo a lokacin, ita ta rufa mana asiri. Keke, zannuwan mutane, tukwane, duk muka bari. Abin da na fita da shi rigar jikina ce, da Littafi Mai Tsarki, da baƙin littafin nan, da ɗamarar da ke ƙuguna. Muka kwana a jeji sauro na cin mu, washegari da yamma muka shiga Mora ƙafafu a kumbure.

Sansanin Minawao na waɗanda suka tsallako daga Najeriya ne. Mu 'yan ƙasa da muka bar gidajenmu sai dai kowa ya nemi inda zai raɓa. Wata ikkilisiya ta ba mu baranda, iyali bakwai a jere, zane ne katangar kowa.

Kwana tara da zuwanmu jikin auta ya yi zafi. Muka ba ta abin da muka samu, zazzabin ya sauka ya sake hawa. A rana ta uku ta fara fizge-fizge, tafin hannunta ya yi fari fat kamar auduga. A asibiti aka ce zazzabin cizon sauro ne ya shanye mata jini, sai an ƙara mata jini da ruwa, ga takardar magani. Ma'aikatan sun yi iya ƙoƙarinsu, cunkoson ya fi ƙarfinsu, har a ƙasa mutane ke kwance. Na fita bayan ginin, na tsaya jikin wata dalbejiya, hannuna a kan ɗamara. Baba Fasto ban san inda gudu ya kai shi ba, dattawa sun watse, wayata ta faɗi a jeji. Na ce, "Ya Ubangiji, kuɗinka ne, yarinyar ma taka ce. Ara nake yi." Na warware ɗinkin da haƙorina.

Sefa dubu 68 suka tafi cikin kwana huɗu. Daren na huɗu na riƙe ƙafarta ina addu'a irin wadda ban taɓa yi ba. Na tuna wa Allah 'yar Yayirus, na tuna masa ɗan gwauruwar Nayin, waɗanda Yesu ya tayar daga mutuwa, na yi alkawarai da ba zan iya ƙirgawa ba. Da asuba, ladan na kiran salla a masallacin da ke kusa, ta ja numfashi sau biyu ta tafi.

A nan ne labarina ya rabu da irin shaidar da aka saba ji a gaban jama'a. Na sha zama a majami'a ina jin mutum ya tashi ya ce ya shiga wuta ya fito ko ƙaurin hayaƙi babu a jikinsa. Ina gode wa Allah dominsu. Ni dai na ƙone. Bayan mun binne ta, wani abu ya rufe a ƙirjina. Ban ce babu Allah ba, ban taɓa faɗa ba ko a zuci. Na daina yi masa magana ne, kamar yadda mutum ke ɗauke wa maƙwabcinsa gaisuwa alhali kullum yana ganinsa a ƙofar gida.

Mako biyu bayan haka Baba Fasto ya iso Mora, ya rame, da takalmi wari da wari. Ya zo mana ta'aziyya, ya zauna a tabarma ya yi kuka tare da mu. Bai tambaye ni kuɗi ba. Wannan nake so a ji da kyau: bai tambaya ba. Ni ne da zai tashi na raka shi, na ce, "Baba, kuɗin kwano fa suna can a rami, ban samu damar tonowa ba." Ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, rai ya fi kwano." Ya wuce. A lokacin sauran dubu 344 na ɗaure a jikina, ina jin ɗuminsu.

Na daɗe ina tambayar kaina abin da ya sa na faɗi haka. Tsoron yunwa na ciki, ga yara biyu da mace, ga babu sana'a. Amma in zan faɗi gaskiya, akwai fushi. Can ƙasan zuciyata wata murya na cewa: ya ɗauki tawa, ni ma na riƙe nasa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yau a cire na kwanon masara, gobe na hayar ɗaki, jibi na takalmin yara. Kowane cirewa ina ce wa kaina na ƙarshe ne.

Matata ta san komai, ai ita ta ɗinka ɗamarar. Ba ta tona ni ba, ba ta kuma goyi bayana ba. Sau ɗaya ta yi magana, da dare, yara sun yi barci. Ta ce, "Baban yara, tuwon nan ba ya wuce mini maƙogwaro." Na yi kamar barci ya ɗauke ni. Daga nan ta koma kai ƙarata wurin da ya fi ƙarfina. Kullum da asuba sai in ji ta a durƙushe tana raɗa, sunana na fitowa a ciki. Ita ma fa 'yarta ce ta mutu, ita ta yi naƙudarta. Amma ko rana ɗaya ba ta fasa ba. Duk wanda yake neman wanda ya tsaya da aminci a gidanmu a shekarun nan, ga ta nan, ba ni ba ne.

Da aka sake kai hari Kolofata a Janairun 2015, muka ga Mora ma ta yi kusa da wuta, muka hau mota zuwa Marwa. A can na yi kiciɓis da wani Alhaji, mai sayar da yadi, wanda shekara da shekaru yake turo mini masu ɗinki a Amchide. Shi ma ya yi asarar shago biyu, ya dawo wurin danginsa a unguwar Barmare. Da ya gan ni ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ma'aji, kana raye! Ina iyali?" Na gaya masa. Ya yi shiru, ya ce Allah ya sa mai ceto ce, kamar yadda suke faɗa. Washegari ya sa aka fito da wani tsohon keke daga ɗakin ajiyarsa, ya ba ni gefen rumfarsa, ya ce in biya a hankali in hali ya samu. Bai taɓa ce mini in bar addinina ba. Akwai dai wani a kasuwar da ya taɓa ja na gefe ya ce in na yi kalmar shahada za a haɗa mini jari. Na ce masa na gode, ina nan inda nake. Har na ji daɗin kaina a ranar, wai na tsaya. Ban lura ba cewa sunan Yesu na riƙe a baki, amanarsa kuwa ina ci da hannu.

Kowace Juma'a in Alhaji zai tafi masallaci sai ya miƙo mini makullin akwatin kuɗinsa. Wata rana ƙaninsa ya yi ƙorafi, sai na ji Alhaji na cewa, "Kai, bar shi. Mutumin da coci guda ta ba riƙon kuɗinta? Wannan ko zinariya ka zubar a gabansa ba zai duƙa ba." Na sunkuyar da kai kan ɗinki, allura ta shige mini yatsa ban ji ba. Wa'azi nawa na saurara a watannin nan bai taɓa ni ba, sai ga maganar Musulmi ta huda ni har ƙashi. Shaidar da yake ba Kiristoci a kaina yake ba da ita, ni kuwa na san abin da na binne.

Ranar 22 ga Yulin 2015 bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da kuma Barmare. 'Yan mata ƙanana aka ɗaura wa. Ina kan keke ƙasa ta girgiza, ƙura ta rufe rumfa, mutane na gudu ta kowace fuska. Kwana uku bayan haka wani ya sake tashi a Pont Vert. Garin ya rikice. Aka shiga caje mutane a ƙofar kasuwa, a ƙofar masallaci, a ƙofar majami'a. Mu da muka fito daga bakin iyaka aka riƙa yi mana wani irin kallo, ka nuna katin shaida a ga inda aka haife ka, sai fuska ta canza. Daren farko ban runtsa ba. Abin da ke yawo a kaina shi ne, da na mutu yau, da ƙarya a bakina zan tsaya a gabansa. Na buɗe Ayyukan Manzanni sura 5, labarin Hananiya da Safiratu, na karanta inda Bitrus ya ce masa ba mutane ya yi wa ƙarya ba, Allah ya yi wa. Na rufe littafin da sauri.

Za a zaci washegari na tuba. Wata takwas na ƙara. Tsoro yana girgiza mutum, amma ni bai kai ni gida ba. Ina zuwa sujada kowace Lahadi, ina zama a bencin baya, in an zo Jibin Ubangiji, inda ake cin gurasa a sha ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu, sai in fita kamar fitsari ya kama ni. Kuɗin kuwa sun riga sun ƙare tun kafin damina.

Abin da ya karya ni ƙaramin abu ne. A makon Ista na 2016 babban ɗana, yana da shekara goma sha ɗaya, aka ba shi karatu a majami'a, yana gwadawa a gida da ƙarfi. Yohanna sura 21 ce, inda Yesu ya hura wuta a bakin teku ya gasa kifi, ya kira mutanen da suka gudu suka bar shi su zo su karya kumallo. Yaron na tuntuɓe a kan kalmomi yana maimaitawa: kana ƙaunata? kana ƙaunata? Na san wurin tun ina yaro. Amma ranar ce na fara lura cewa sai da ya ciyar da Bitrus kafin ya tambaye shi komai. Mutumin da ya yi musunsa sau uku, abinci aka fara ba shi. Na duba shekara ɗaya da rabi da na yi ina gaba da Allah: keken Alhaji, ɗakin da ba a kore mu ba, bam ɗin da ya tsallake ni, matar da ba ta gaji da ni ba. Duk wannan lokacin ana ciyar da ni. Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari.

Ranar Talata na hau motar Mora, tafiyar kilomita 60 ko kusa da haka, shingen sojoji da jandarma ya mai da ita ta rabin yini. Na tarar da Baba Fasto yana gyaran dangar gidan da aka ba shi aro. Na durƙusa, na ajiye baƙin littafin da ɗamarar da babu komai cikinta a gabansa, na faɗi duka, ban rage ba. Ya daɗe bai ce uffan ba. Sannan ya ce, "Ma'aji, na sani. Ranar da ka raka ni, hannunka bai bar ƙugunka ba." Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa?" Ya ce, "Da na faɗa, kuɗi zan samu in rasa ɗa. Na zaɓi in jira."

Bai shafa mini mai a baki ba. Ya ce zunubi ne, sunansa ke nan, kuma tunda jama'a na yi wa, gaban jama'a zan faɗa. Lahadi biyu bayan haka aka tara waɗanda suka rage daga ikkilisiyarmu a Mora, ba su kai talatin ba, a ƙarƙashin rumfar zana. Na tsaya gabansu gwiwoyina na rawa. Wani dattijo ya fusata, kuma yana da gaskiya, ya ce su ma sun binne nasu, su ma sun kwana da yunwa, da an raba kuɗin nan a lokacin da wasu ba su sayar da awakinsu a wulaƙance ba. Ban da amsa, har yau ban da ita. Wannan ce ɓarnar da biya ba ya gyarawa.

Aka dakatar da ni daga Jibi wata shida. Na ce zan biya dubu 412 cif. Sai tsohuwar nan mai kaza ta ɗaga hannu daga inda take zaune a ƙasa. Ta ce, "Ɗana, na asibiti ba bashi ba ne. Yarinyar nan a hannunmu aka yi mata suna. Da ka same mu a ranar, da mu za mu ce ka kwance ɗamarar. Kada ka hana mu mu ma mu yi jinyar 'yarmu." Na so in ƙi, don biya ya fi mini sauƙi a kan karɓa. Baba Fasto ya ce, "Karɓi." Na karɓa. Aka rubuta a littafin, da hannun wani: dubu 68, jinyar 'yar ikkilisiya.

Sauran na biya su da allura da zare. Wani wata dubu biyar, watan Sallah ko Kirsimeti dubu goma sha biyar, wani watan ko sisi. Shekarar korona ta kusa tsayar da ni. Na gaya wa Alhaji gaskiya tun a makon farko, don ba zan iya ci gaba da karɓar makullinsa a kan shaidar da ba tawa ba. Ya kalle ni ya ce, "To, yanzu ka zama Ma'aji." Juma'ar da ta biyo ya sake miƙo makullin. A Disamban 2020 na kai kashin ƙarshe. Dattawa suka raba kuɗin yadda suka ga ya dace, wasu ga karatun marayu, wasu ga waɗanda suka koma gida suka tarar da kango. Ba a nemi shawarata ba, bai kuma kamata a nema ba.

In na ji mai wa'azi na cewa wanda ya ba da gaskiya sosai ciwo ba zai shiga gidansa ba, raina yana ɓaci, domin na san matata, na san irin addu'ar da ta yi a daren nan. Dalilin da ya sa aka ɗauki autarmu ba a gaya mini ba. Na tambaya, ina kan tambaya, sai dai yanzu a gabansa nake tambayar, ba a bayan idonsa ba. Akwai aya a wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, da ke cewa ko mun yi rashin aminci, shi yana nan da amincinsa, don ba zai yi musun kansa ba. Da, ina karanta ta kamar ta wasu ce.

Kowace shekara in Oktoba ta zo ƙarshe, ni da matata mukan hau mota zuwa Mora. Kaburburan wancan lokacin sun yi yawa, ruwa ya baje tudun, ba mu iya nuna nata daidai. Mukan tsaya wajen da muke zato, kusa da wata ƙaya, matata ta ɗaga waƙa a hankali ni kuma in karɓa. Bara ƙaramin ɗanmu ya bi mu. Ya tambaye ni ko ƙanwarsa za ta gane shi a ranar tashi, tunda yanzu ya fi ni tsawo. Na ce masa za ta gane. Muka tsinke ciyawar da ke wurin da hannu, muka koma tasha kafin motar ƙarshe ta tashi.